Soket Ɗin Kusa da Kujerata

"Batirin kwamfutar nan ya mutu, kuma a manne yake da gam, Baba, ba ya fita," in ji mai gyara. "A jefar kawai."

Shekara arba'in ina gyaran takalma, ban taɓa jefar da abin da ke da sauran numfashi ba. Na ce wa jikata mai kwamfutar, "Hayaƙin bola ya ishe mu haka. Ki jona ta da wuta, ki yi karatunki."

Soket ɗaya ne mai aiki a gidan, kusa da kujerata. Kullum nan take zama, tana tsokanata: "Angona marowaci!"

Jiya mai gyara ya aiko, wai ya samo dabarar cire batirin. Na ce masa ba na son aikin gaggawa.