Inuwar Jif ɗin Alhaji

Karo na uku ke nan ana jawo jif ɗin Alhaji zuwa garejina a Lamashegu. Fitilu na ƙyaftawa, gilasai sun ƙi sauka, hon na ta kuka shi kaɗai.

"Masta, ko asiri aka yi wa motar nan?" in ji shi.

Na ɗaga kafet, na tarar da wayoyi kwance cikin ruwa. Na leƙa tagar rufin motar, sai ga 'yar kafar da ruwan sama ke bi ta toshe da ganyen darbejiya. Tsinke ɗaya ya isa gyaran.

Na san ganyen. Shekara ashirin mahaifiyata tana sayar da koko da ƙosai a gindin darbejiyar da yake ajiye motar, kafin Alhaji ya sa a watsar da tukwanenta don motarsa ta sami inuwa. Cikin rana ta ƙarasa kwanakinta. Shi ko gane ni bai yi ba.

Na busar da wayoyin, na sauya fiyus, na bar ganyen inda yake. Hadari na haɗowa daga gabas.

"Alhaji, rana ce ke cin irin motocin nan," na ce masa. "Kada ka kuskura ka raba ta da inuwar nan."