Garma Ɗaya, Alkawari Uku

Kana tambaya yadda ake rushe magana mai rassa? To, matso ka ji. An yi wani maƙeri, gwani ne na gaske, sai dai bakinsa ya fi gudumarsa sauri. Ana gab da faɗuwar damina ya ƙera wata garma da shi kansa ya tsaya yana kallonta. Ya saɓa ta sai ƙofar Sarkin Noma, murna kamar ta kashe shi. A gaban jama'a ya bugi ƙirji ya ce garmarsa ba ta lanƙwashewa, kuma bakinta ba ya ɓantarewa, kuma ƙotarta ba ta tsagewa. Sarkin Noma ya ce in maganar ta tsaya, duk ƙirar manoman garin ta bana tasa ce. In ta faɗi, aiki ya haye rafi wurin wani maƙerin.

Aka ɗunguma bayan gari. Wani ƙato ya kafta garmar a kan marmara, ƙarfe ya yi ƙara, amma ko gezau. Mata suka rangaɗa guɗa. Aka sari saiwar ƙirya, baki ya fito sumul. Maƙeri ya daka tsalle, hularsa ta faɗi bai ma sani ba, har ya fara hango zugazugansa suna huci daga nan har kaka. A sara na uku ƙota ta dare biyu, garma ta yi sama ta faɗa cikin ƙaya. Ƙotar nan kuwa a kasuwa ya saye ta, ko juya ta bai yi ba. Don dai kirari ya cika baki ya liƙa ta a ciki.

Ya shiga rantsuwa wai biyu cikin uku ai rinjaye ne. Sarkin Noma ya ce, "Maƙeri, da igiya ɗaya ka ɗaure su. Mai ƙaryata ka ba sai ya karya ukun ba, ɗaya ta ishe shi. Da cewa ka yi ko wannan ko wancan, da sai na rushe su duka kafin in kayar da kai."

Haka maƙeri ya ƙare daminar nan a zaune, murhu a sanyaye, yana jiyo amon guduma daga ƙetaren rafi. Gaskiyar masu iya magana, wake ɗaya shi ke ɓata gari.