Motar da Inna Ta Ƙi Shiga

Ka ce gobe za ka je kamfanin motoci, Sabitu, har ka haddace abin da za ka faɗa musu don su yi maka ragi. To, madalla. Ciniki halal ne, ba ni zan hana ka ba. Amma gyara zama in ba ka wani misali ka tafi da shi.

An yi wani mai fataucin fata da ƙirgi, Allah ya buɗa masa bayan ya sha wuya. Ka san sana'ar tasu: ba a taya fata sai an ɗaga ta a rana an nemo huda, in babu hudar a ƙirƙiro ta da baki. Kushe ya zame masa jiki, ko lemo zai saya sai ya ce da tsami tun bai ɓare ba. Yana da uwa tsohuwa da ciwon gwiwa ya sa a gaba, kullum ana hanyar asibiti da ita a a-daidaita-sahu, ramuka suna jijjiga ta. Burinsa ɗaya ne a duniya, ya ga tsohuwar nan ta jingina a bayan sabuwar mota ta sa masa albarka. Ranar da hali ya samu ya ɗauko ta da kansa, ya kai ta inda ake sayar da motoci sababbi fil, ya ce ta zaɓa. Ta bi su da ido, ta nuna wata ruwan toka, ta shafa ƙofarta kamar mai shafa kan jika. Aka kawo mata kujera da ruwan sanyi, ta zauna daga gefe.

Nan fa mutuminka ya naɗe hannun riga. Mai sayarwa ya faɗi kuɗi, shi kuma ya ja tsaki, ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa. Ya ce jikinta gwangwanin madara ne, ko akuya ta tunkuye ta sai ta lotsa. Ya ce irinta ce burki ke ƙwacewa a gangare, har ya san gidan da ta sa aka yi zaman makoki. Duk ƙarya, bai taɓa ganin ko tayarta ba sai ran nan. Mai sayarwa ya saba da irinsu, murmushi kawai yake yi yana cewa albarka. Da ciniki ya yi zafi, sai mutuminka ya dafa ƙirji ya rantse da Allah wai wannan ba mota ba ce, makara ce mai taya, taimakonsu zai yi ya raba su da ita. Mai sayarwa ya shiga ya ga manaja, ya fito ya sallama da ragi mai kauri. Mutuminka ya biya ya karɓi makulli, bakinsa har kunne. Ya manta sarai akwai mai sauraro a kan kujerar can da ba ta san wannan wasan ba.

Ya buɗe ƙofar baya, ko ledar kujera ba a cire ba, ya ce, "Bismillah, Inna." Tsohuwa ta gyara mayafi ta ce a tare mata a-daidaita-sahu. Ya yi dariya, a zatonsa zolaya ce. Da ya ga ta kama sandarta ta miƙe, sai ya gane da gaske take. Ya durƙusa a gaban mutane, ya rage murya, ya ce ai salon ciniki ne, kowa haka yake yi, motar lafiyarta ƙalau. Mai sayarwa ma ya sa baki. Ko kallonsa ba ta yi ba, ɗanta ta duba.

"Da kunnena na ji ka kira sunan Allah," in ji ta. "To, ɗayan biyu ne. Ko motar ce makara, ko kuma ɗan da na haifa yana rantsuwa a kan ƙarya don a rage masa kuɗi. Bar ni in ɗauka motar ce, ya fi mini sauƙi."

Haka suka koma gida, ita a gaba cikin a-daidaita-sahu, shi a baya cikin sabuwar mota shi kaɗai, yana bin ta a hankali. Ya turo kawunnai, ya turo limamin unguwa. Ta gaishe su da mutunci, ta ba su goro, ta ce ita dai ba za ta ƙaryata ɗanta ba. Ya yi mata maganar ya sayar ya sayo wata, ta tambaye shi wace rantsuwar kuma zai yi musu a kan waccan. Ya bar maganar. Motar ta yi shekaru a hannunsa, burki bai taɓa ƙwacewa ba. Duk safiya in zai fita sai ta kira shi ta yi masa addu'ar tsari daga abin hawa, shi kuma dole ya ce amin, wannan kuwa ta fi zagi ciwo. Har ta koma ga Ubangijinta ba ta taɓa sa ƙafa a motar ba.

Ka je ka yi cinikinka, Sabitu. Ka nemi ragi iya ƙarfinka, in ka ga dama ka yi kamar za ka tafi su kira ka. Amma kafin ka buɗe baki ka waiwaya ka ga wa ke zaune kusa da kai. Hausawa suka ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.