Sunan Ɗan Fari

"Kira sunansa, baiwar Allah," in ji nas. "Maganin barcin ya ƙi sakinsa. Wataƙila muryar uwa ta jawo shi."

Uwar ta dubi ɗanta a kwance, an ɗinke masa ciki. Ɗan fari ne. Tun ranar suna bakinta bai taɓa furta sunansa ba, don kunya. "Wancan" take cewa, ko "na Goggo".

Da lokotoron asibitin Magariya ya ce wannan aiki sai Kano, mijinta na kudu da 'yan shanun da fari ya rage musu. Ita ta goyo yaron daga rugarsu ta bayan Yekuwa, amalanke ta kai su iyaka, mota ta ƙarasa da su. Duk hanya yayar mijinta, goggon yaron, ke ambaton sunansa a madadinta. Yau an hana Goggo shiga, tana tsaye bakin taga.

"Kai," uwar ta ce a hankali. "Kai, wancan."

Ko motsi.

"Haba! Ba shi da suna ne?" in ji nas.

Goggo ta ja mayafi ta rufe kunnuwanta. "Ni kam yau kurma ce, 'yar nan."

Uwar ta sunkuya. Sunan ya taso da nauyi, kamar guga daga rijiya mai zurfi. Ta furta shi, ta sake kira, da ƙarfi.

Yaron ya buɗe ido, ya daɗe yana kallonta.

"Inna," ya ce, "ashe kin san shi?"