Kofin Ruwan Majema

Tun da aka sauya doka, mai neman digiri na biyu a injiniyancin muhalli da gudanar da kasuwanci ba ya kare aikinsa da baki. Ruwan kwatar masana'antar da ya yi wa aiki ake ɗebo masa, ya sha a gaban malamai.

Yau Sahura ce a gaban teburin. Matatar ruwan da ta ƙera wa majemar Alhaji Mamuda lafiyarta ƙalau, shi ne ya kashe ta, wai tana cin wuta. Ruwan kofin garai-garai yake, amma ƙudan da ya sauka a bakinsa bai sake tashi ba.

"Bisimilla, Sahura," in ji Farfesa Gwadabe. "In kin ƙi, babu takarda."

Ta ɗauki kofin, ta dire shi a gaban Alhaji Mamuda, wanda ya zo kallo da gorar ruwansa a hannu.

"A ajin kasuwanci, Farfesa, ranka ya daɗe, kun koya mana mai kaya ke fara ɗanɗana kayansa. Alhaji, kurɓa ɗaya kawai. In ka haɗiye, ni zan shanye sauran."