Dutsen Wankin Kaka

A bayan gidanmu na unguwar Briqueterie akwai wani faffaɗan dutse da Kaka ke buga wanki a kai. Wata la'asar na taso daga lekol, wato makaranta, na daka tsalle na dira a kansa, sai ya dare gida biyu. Na san yau akwai bulalar Baba.

Kaka ta zo ta zura yatsa cikin tsagar, ta jawo saiwar mangwaro.

Ta ce, "Kai maigidana, nauyinka nawa? Wannan saiwar da ruwan sama ne ke cinsa tun ba a haife ka ba."

Na taɓa cikin dutsen, ja, yana marmashewa kamar ƙuli-ƙuli. Har yau in na ga tsagaggen dutse sai na durƙusa na leƙa, ina neman saiwar da ta cece ni.