Fararen Haƙoran Tsohon Kafinta

Tunda ka ce ka rage shiga mutane don kana tattalin jikinka, bari in ba ka misalin wani tsohon kafinta da na sani. Haƙoransa sun zube saura uku, har ta kai ba ya dariya sai ya kare baki da hannu. 'Yarsa ta kai shi asibiti aka yi masa na roba, farare tas. Likita ya gargaɗe shi cewa shayi da kofi da zoɓo da goro duk suna rina su. Shi kuwa shekara talatin ke nan, kullum aka idar da sallar asuba yana kan bencin mai shayin bakin kasuwa da abokansa biyu, wani tela da wani tsohon direba. Bai fasa shan shayinsa ba, cikin wata huɗu haƙoran suka fara ja. Ya dirje su da gawayi, ashe karce su yake yi, rinin ya ƙara samun wurin zama. Sai da 'yar ta bar aikinta ta sake kai shi aka wanke. A hanyar dawowa ta ce, murya a gajiye, "Baba, don Allah a kiyaye." Maganar ta tsaya masa a rai.

Da farko yakan je bencin ya zauna da kofin ruwan zafi zalla. Ƙamshin shayi da tsokanar abokai, wai ango ya ƙi shayin talakawa, suka ishe shi, sai ya ɗauke ƙafa. Sau biyu suna aikowa, yana cewa gwiwa ce ta matsa masa. Suka ɗauka girman kai ne, suka ƙyale shi. Damina biyu ta wuce. Telan ya rasu, kuma sai a wurin jana'iza kafintan ya ji cewa wata uku ya yi a kwance. Direban kuwa idonsa ya mutu, ɗansa ya ɗauke shi zuwa wani gari. Ran da tsohon ya lallaɓa ya koma bencin, duk baƙin fuska ya tarar. Ya ce a haɗa masa mai kauri. Ya riƙe kofin har ya huce, bai kai baki ba. Ga haƙora farare fat, amma babu wanda zai yi wa dariya.

Shi ya sa Hausawa suke cewa, garin neman gira an rasa ido.